Wata biyar ina kai wa mai bindigar leza ƙarafana a Panteka

Sana'ata zubin tukwane. Shekara 27 ke nan ina narka almuniyam a Tsohuwar Panteka, nan Tudun Wada ta Kaduna kusa da Poli, ina zuba tukunya da murfi da ludayi da kaskon suya, tun daga 'yar ƙaramar da ake dama wa jinjiri koko har irin ta biki wadda sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu. Kayan da nake narkawa duk daga hannun 'yan jari bola suke zuwa: fistin, kan inji, wilin mota, firam ɗin taga, gwangwanin lemo, tsofaffin tukwanen da suka huje. A gefe kuma ina ɗan taɓa sayen sitenles da tagulla, in tara in sayar wa masu lodi.

Jama'a suna kiran kayanmu tukunyar dalma, ni kuwa tun ina yaron shago ba na barin wannan suna ya wuce ban gyara ba. Nakan ce wa mai saye, Hajiya, suna ne kawai, babu dalma a ciki, almuniyam ne zalla. Haka maigidana, Allah ya jiƙansa, yake faɗa, haka ni ma na gada, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Wannan magana ita ce ta sa na zauna rubuta abin da na gani a wurin wani matashi mai gwada ƙarfe da na'urar leza, domin abokan sana'a da yawa suna tambayata ko kuɗin da nake kai masa yana biyan kansa.

Yadda muke gane ƙarfe a kasuwa sananne ne. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka buga a ƙasa ka ji amo, ka goga magagari ka ga launin ciki, ka kanga mayen ƙarfe. Kafireto da hannun ƙofar mota suna kama da almuniyam a ido, amma hannu ya san tutiya ce, don ta kusa ninka shi uku a nauyi. Wanda muke tsoro shi ne magniziyam, wanda ya fi almuniyam sauƙi, yana zuwa a murafun wasu injina, in ya shiga wuta ya kama sai ka ga farin haske mai kashe ido, ruwa kuma ƙara masa fushi yake yi. Shi wannan da lemon tsami muke kama shi: a kankare, a matsa, in ya yi kumfa a ware shi. Waɗannan dabaru sun ciyar da mu shekara da shekaru, ba kuma zan raina su ba.

Inda suka gaza mini a sitenles ne. Bara da damina na sayi tarin tebura da kantocin wani ɗakin girki da aka rushe, na kanga mayen ƙarfe bai kama ba, na biya kuɗin mai kyau, wato wanda ake kira 304. Da mai lodi ya zo da nasa gwajin sai ya ce mini rabin kayan 201 ne. Shi ma 201 mayen ƙarfe ba ya kama shi, ƙyallinsu ɗaya, amonsu ɗaya, amma nikel ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, an cike gurbin da manganis, kuma nikel ɗin nan shi ne kuɗin. Ranar na sayar da faɗuwa, na koma gida ban iya cin tuwo ba. Wani maƙwabcina mai walda ne ya ce mini, akwai yaron da ya buɗe shago a layinsu da wata bindiga mai faɗin sunan ƙarfe, ka je ka gani.

Shagon ƙarami ne, rabin kwantena. Tebur ɗaya na ƙarfe, mataushi, wato abin damƙe ƙarfe, a ɗaure a gefensa, injin gurza, kwalin samfefa, da wata baƙar jaka mai kumfa a ciki inda na'urar take kwana. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka. Karatun ƙarafa ya yi, ya ɗan yi aiki da masu duba bututun mai a kudu, ya dawo gida da wannan na'ura ta hannu da ya saya wadda aka riga aka yi amfani da ita. Siffarta kamar injin huda bango mai batir, nauyinta bai kai kilo biyu ba, da ɗan allo irin na waya a bayanta.

Na miƙa masa guntun ƙafar tebur daga ragowar kayan nan. Bai ɗauki bindigar ba tukuna. Sai da ya gurza wuri kamar faɗin farce har ya yi fari, ya goge da tsumma mai tsabta, ya ce wa yarona ya koma bayansa, sannan ya manna hancin na'urar daram a wurin ya danna kunama. Abin da na ji shi ne 'yar ƙara, tsat-tsat-tsat, kamar ana kunna laita ba gas. Kafin in gyara tsayuwa allo ya kawo lamba 201, a ƙasa kuma jerin abubuwa da kasonsu: kuromiyam kaza, manganis kaza, nikel bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Na karɓi ƙarfen na kai shi bakin ƙofa wurin haske, sai na ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a jere, kowanne bai wuce kaurin gashin kai ba. Iyakar ɓarnar da ta yi ke nan.

Ya ɗauko wani guntu daga aljihun tebur ya harba, ya nuna 304, kuromiyam wajen kashi 18, nikel wajen 8. Ya ɗauko na uku, 316, ya nuna mini layin da ya bambanta shi, molibdenam kashi 2 da ɗoriya, wanda shi ke sa ya jure ruwan gishiri, shi ya sa ya fi tsada. Ƙarfe uku a tafin hannuna, ido bai raba su ba, mayen ƙarfe bai raba su ba.

Na ce, Injiniya, me take gani a ciki?

Amsar da ya ba ni ita ta sa na yarda da shi, domin bai yi mini Turanci ba. Ya ce, Baba, in yara suna ƙona waya don su fid da tagulla, wane launi wutar take yi? Na ce kore. Ya ce in miya ta tafaso ta zuba a kan murhun gas fa? Na ce rawaya. Ya ce to gishirin miyar ne ya yi rawayan, tagulla ce ta yi koren, kuma duk wani sinadari da Allah ya halitta yana da nasa launin in ya ji zafi sosai, ba ya aron na wani. Wasu Jamusawa biyu, Bunsen da Kirchhoff, su suka kafa wannan ilimi a garin Heidelberg wajajen 1860, har suka gano sababbin sinadarai biyu ta hanyar launin wuta kawai. Matsalar ita ce wutar murhu ba ta isa ta sa ƙarfe ya yi magana ba. Leza kuwa tana kawo wutar da ta isa. An ƙera ta farko a Amurka a 1960, shekara biyu bayan nan aka fara harba ta a kan abu ana karanta hasken da ya tashi.

Abin da bindigar take yi, in na fahimce shi daidai kuma na tambaya ya fi sau uku, shi ne ta tattara haske a ɗan ɗigon wuri na wani lokaci da bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba. Ɗan ƙarfen da ke wurin ba narkewa kawai yake yi ba, tururi yake zama mai walƙiya, zafinsa ya haura digiri 10,000. Ni da nake narka almuniyam a digiri 660 ina gumi, wannan lissafi ya tsaya mini a rai. Yayin da tururin yake hucewa kowane sinadari sai ya saki launinsa, wani madubi a ciki ya rarraba hasken kamar bakan gizo, kwamfutar ciki ta duba wane launi ne ya fito da kuma ƙarfinsa, ta kwatanta da kundin da aka ɗura mata. Sunan dabarar a taƙaice LIBS. Da can sai a ɗakin bincike ake samunta, inji cike da tebur. Shekara goma sha ne kawai da aka iya matse ta ta zama abin riƙewa a hannu.

Ya nuna mini hoton motar nan Curiosity da Amurka ta sauke a duniyar Mas a watan Agustan 2012. A kanta akwai irin wannan na'ura, ChemCam, haɗin gwiwar Amurka da Faransa, tana harbin dutse daga nisan da ya kai mita 7 ta faɗi abin da ke cikinsa. Indiya ma da ta sauka kusa da ƙuryar kudu ta wata a Agustan 2023, da irin wannan dabara 'yar motarta ta tabbatar akwai farar wuta a ƙasar wurin. Na daɗe ina kallon hoton, sannan na kalli ƙafar teburina da ke cikin mataushi.

A sitenles ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Tun daga ranar, duk kayan da suka wuce kilo hamsin ba na biya sai an harba, kuma sau biyu ta hana ni faɗuwa, sau ɗaya kuma ta nuna wa mai kayan cewa abin da ya kawo ya fi yadda yake zato, na ƙara masa kuɗi, yanzu ba ya kai wa kowa kaya sai ni.

A almuniyam kuwa karatu ta yi mini a kan abin da hannuna ya sani kaina bai sani ba. Duk mai zubi ya san ruwan fistin da kan inji yana gudu a cikin ƙasar zubi kamar madara, ya cika kunnen tukunya da leɓenta tsaf, amma firam ɗin taga shi kaɗai yakan yi kauri ya bar rami, gwangwani kuma rabinsa toka yake zama. Maigidana ya koya mini haɗawa, kaza na wannan kaza na wancan, ba tare da dalili ba. Bindiga ta faɗi dalilin: silikon. Fistin yana ɗauke da wajen kashi 12, firam ɗin taga, wanda lambarsa 6063, bai kai kashi 1 ba. Yanzu in zan yi babban zubi nakan ɗebi ɗan cokali daga narkakken ruwan, in zuba a ƙasa ya daskare kamar kwabo, yaro ya ruga da shi. In silikon ya yi ƙasa a ƙara fistin. Tukwanen da nake mayarwa wuta saboda rami sun ragu ƙwarai, gawayin da nake ƙonawa a banza ma haka. Injiniya ya ce a nan ne leza ta fi ɗaya bindigar da masu lodi suka fi riƙewa, mai aiki da hasken hoton ƙashi, XRF. Waccan tana jinkiri a kan sinadarai marasa nauyi irin su magniziyam da silikon, kuma sam ba ta ganin kabon da litiyam. Amma ya faɗa da bakinsa cewa a manyan ƙarafa masu nauyi waccan ta fi tasa natsuwa, kuma ita ba ta barin tabo ko kaɗan, shi ya sa masu zinariya suka fi son ta.

Ranar da abin ya juya mini wata Asabar ce cikin hunturu. Na kai masa kwabon gwaji kamar kullum, ya harba, ya yi shiru, ya sake gurzawa ya harba a wani gefen, ya kuma harbawa. Sannan ya juyo da allon ya sa yatsa a kan wani layi can ƙasa wanda ban taɓa kula da shi ba.

Ya ce, Baba, wannan zubin na tukunyar abinci ne?

Na ce na wata mai abincin sayarwa ne, guda goma sha biyu.

Ya ce akwai dalma a ciki.

Harbi na farko ya nuna kashi 0.2, na biyu 0.4, na uku tsakaninsu. Na ce ai wannan ba komai ba ne, ko rabin kashi ɗaya bai kai ba. Bai yi gardama da ni ba, ya jawo kujera ya ce in zauna. Ya tuna mini Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400. Wannan ba sai an tuna wa ɗan Arewa ba. Ya ce tukunya ba za ta yi irin wannan kisan ba, nata a hankali yake, ba zazzaɓi ba kuka, sai dai ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro da jininsa, babba kuma ta taɓa masa ƙoda da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ya ce a Kamaru an gwada irin tukwanenmu na zubi, aka wallafa sakamakon a 2014, an tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki aka samu dalma tana fita. Tsami ne yake jawo ta. Na fara lissafa abin da ake dafawa a tukwanena: miyar tumatir, yakuwa, zoɓo, kunun tsamiya. Kusan babu ranar da tsami ba ya shiga.

Na koma rumfa na zazzage buhunan da muka narka daga cikinsu. Ba a daɗe ba muka ga mai laifin. Wilin mota. A bakin kowane wili akwai 'yar dalmar da masu gyaran taya suke maƙalawa ko su manna don daidaita shi, ta yi baƙi da ƙura da man birki har ta saje. Yarana suna fasa wili da guduma su jefa a wuta, wani lokaci su cire, wani lokaci a gaggauce su bari. Dalma tana narkewa a digiri 327, tun kafin almuniyam ya fara laushi ta riga ta zama ruwa. Injiniya ya yi mini lissafin a bayan kwalin samfefa: giram 30 na dalma a cikin kilo 30 na zubi, kashi 0.1 ke nan. Ƙwaya uku ko huɗu sun isa su ba da abin da muka gani. Ya ƙara da cewa akwai wasu nau'o'in almuniyam, irin 2011 da 6262, da tun daga masana'anta ake sa musu 'yar dalma don su yi daɗin sassaƙa a inji, ana yin ƙananan kayan haɗi da su, to su ko ka wanke su da sabulu tana ciki. Dalilin da ya sa harbi uku suka ba da lamba uku kuma shi ne, in zubi ya daskare dalma ba ta gauraya da almuniyam, ɗigo-ɗigo take zama a warwatse, leza kuwa ɗan wurin da ta taɓa kawai take ba da labarinsa.

Daren nan na tuna fuskokin matan da na ce wa suna ne kawai. Tukunyar da uwargidana take dafa wa jikokina abinci ni na zuba ta da hannuna.

Washegari na kwaso tukwanen gidana bakwai a buhu na kai. Biyar ba su nuna komai ba, biyu sun nuna. A nan ne kuma ya yi mini maganar da ta ƙara masa daraja a idona, ko da yake ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce, Baba, kar ka ɗauka biyar ɗin nan na wanke su. In na'urata ta ce akwai, to akwai. In ta yi shiru, ma'anarsa abin bai kai inda idonta yake gani ba, kuma abin da ke cutar da yaro yana iya zama ƙasa da haka. Ya ce ita tana faɗin abin da ke cikin ƙarfe ne, ba ta faɗin nawa ne yake fita ya shiga miya. Wannan sai an tafasa ruwan tsami a tukunyar an kai ruwan ɗakin gwaji mai manyan injina. Mutumin da abincinsa ke cikin wannan bindiga, da ya so sai ya ce mini ta gama magana, in biya in tafi da farin ciki.

Irin haka ya yi wa ƙanina. Shi tun da aka fara zancen litiyam a Nasarawa da kudancin jihar nan ya shiga harkar duwatsu, ya zo da wasu masu launin shuɗi-shuɗi da ruwan hoda a leda, yana so a ce masa kashi nawa ne don ya yi ciniki. Injiniya ya harba ya nuna masa wani tsini a allon, ya ce wannan jan layin na litiyam ne, yana nan, ba shakka. Ƙanina ya ce to rubuta mini kaso. Ya ƙi. Ya harba wuri biyar a dutse ɗaya, tsinin ya yi sama ya yi ƙasa, a wani wurin ya ɓace. Ya ce dutse ba kamar ƙarfen masana'anta ba ne, kowane gefe da abin da ke cikinsa, kuma kundin da ke cikin tasa na'urar na ƙarafa ne, ba na ma'adinai ba. Mai son lambar da zai sayar da tirela a kanta sai ya ɗebo daga wurare da yawa, a niƙa ya zama gari, a gauraya, a kai ɗakin gwaje-gwaje na hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa da ke nan Kaduna, ko cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Zariya. Ƙanina ya fita yana ƙunƙuni cewa an karɓi kuɗinsa ba a ba shi komai ba. Ni ina ganin an ba shi, don ya san dutsen ba na banza ba ne kafin ya kashe kuɗin babban gwaji.

Wata rana wani ya kawo ƙwayoyin magani a takarda yana so a duba masa ko jabu ne. Injiniya ya ce ba aikin wannan ba ne, akwai wata dabarar leza daban, Raman, sunan wani masani ɗan Indiya da ya gano ta a 1928. Ita ba ta ƙona komai, haske take haskawa ta karanci yadda ya dawo, ta gane haɗin abu ba sinadaransa ɗaya-ɗaya ba, har ta cikin leda ko kwalba. Irinta ce TruScan da hukumar NAFDAC take amfani da ita wajen kama jabun magani. Ya mayar wa mutumin kayansa bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu abin da ba na so, don kar a ce yabo kawai na zo yi.

Kuɗin a kan kowane guntu yake, kuma a wurina kusan kuɗin kilo ɗaya na almuniyam mai kyau ne. Ga mai tirela wannan ba komai ba ne. Ga yaron da ya yini yana tura baro ya tara kilo takwas, ya yi yawa, kuma su ne aka fi cuta a ciniki. Na roƙe shi ya yi mana farashin wata, mu masu zuwa kullum, har yau yana cewa zai duba. Na biyu, ba ya ba da takarda. Hoton allo yake ɗauka ya turo ta WhatsApp, ba kwanan wata a jiki, ba sa hannu, ba abin da ke nuna wane ƙarfe aka harba. Da na nuna wa wani mai lodi sai ya ce ina shaidar cewa hoton kayan nan ne? Gaskiyarsa. Ƙaramar firinta da hatimi za su kashe wannan magana. Na uku, shi kaɗai ne. In an kira shi wani kamfani a Kakuri ko Kudenda, shago a rufe, waya ba ta shiga, ni kuma ruwan ƙarfe yana kan wuta ba ya jiran kowa. Sau biyu na zuba ba gwaji saboda haka.

Sai ƙura. Cikin hunturu ɗan gilashin da ke hancin na'urar yana dusashewa, in bai goge ba lambobi su fara yawo. Na ga ranar da ta kira 304 da wani suna daban. Da ya harba ɗan ƙarfen shaida da yake ajiyewa a jaka, wanda an san abin da ke cikinsa, sai ya ga ta kauce, ya goge, ya saita, ya sake duk gwajin ranar bai ƙara kuɗi ba. Tun daga nan nakan ce ya fara harba na shaidar a gabana, kuma ba ya jin haushi. Duk wanda zai je ya nemi haka. Ya kuma tsaya ya ga an gurza, domin leza fatar sama kawai take ci: in fenti ne a sama labarin fenti za ta ba ka, in tsatsa ce na tsatsa, in ƙarfe ne da aka yi wa wankan kuromiyam za ta ce maka ka samu dukiya. Yaron da ya taɓa taya shi aiki ya harba mini kan famfo ba gurzawa, ta ce nikel da kuromiyam ne, alhali farin gaci ne a ciki.

Gwajin kabon, wanda masu walda suke nema don raba 304 da 304L mai ƙarancin kabon ko sanin taurin ƙarfe, yana bukatar 'yar kwalbar iskar agon da ake ɗaura wa na'urar, kuma ba kullum yake da ita ba, sai an yi masa magana tun da wuri. Hasken kuma ba a ganinsa da ido amma yana iya lalata ido, shi ya sa ba ya yarda a riƙe ƙaramin abu a hannu a harba, sai a mataushi, kuma ba ya barin yara su leƙa. A wannan ban taɓa ganin ya yi sakaci ba.

Tukwane goma sha biyun nan ban kai wa mai abinci ba. Na je na same ta na ce, Hajiya, ki ƙara mini mako guda, zubin bai yi ba, na faɗa mata dalili. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni na bara da ta saya fa. Na ce ta aiko da su. Cikin shida ɗaya ta nuna, na canja mata. Waɗanda suka nuna duka na fasa su na zuba kwalliyar ƙofar gida da ƙafafun injin markaɗe da su, abin da ba ya taɓa abinci, na ware musu tukunyar narki daban na shafa mata jan fenti.

A rumfata yanzu wili ba ya shiga wuta sai na juya shi da hannuna ciki da waje. Akwai gwangwanin madara a rataye a jikin ginshiƙi inda ake jefa duk dalmar da aka ɓamɓare, yaron da ya cika shi yana da tukuici, kuma cikin wata biyu an cika shi sau uku. Ƙananan kayan haɗi masu zare da aka sassaƙa a inji ba na sa su a zubin abinci ko an ba ni kyauta. Masu zubi huɗu a layinmu sun fara aika nasu kwabon, biyu sun ce ɓata kuɗi ne, kakanninsu ba su yi ba. Mun yi magana da Injiniya zai zo rumfa ranar Asabar mai zuwa da safe kafin a hura wuta, mu haɗa kuɗin mu biyar, ya bi buhunan kowa. Na kuma ware tukunya biyu daga cikin biyar ɗin gidana da ba su nuna komai ba, ya ce zai nuna mini yadda ake tafasa ruwan tsamin da irin kwalbar da ake zuba shi, in kai Zariya da kaina.